Shekara 41 Bisa Kujerar Kansila

Idan aka buɗe zancen siyasa a dandali ko a bakin ma'aikata, sunayen da ke fara fitowa su ne na shugaban ƙasa, da na ministoci, da na depitoci. Kansila kuwa ba a tunawa da shi sai ran da shara ta taru a ƙofar gida, ko ruwan sama ya cinye hanyar kasuwa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004 mutanen ƙasarmu suka san wannan kujera, kuma da yawa cikin waɗanda suka hau ta sun ɗauke ta tsani ne kawai, wato wurin taka ƙafa kafin a haye sama. Mu a namu gani wannan kuskure ne. Domin mu nuna dalilinmu, yau za mu ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, Irlanda ta Arewa, inda wani mutum mai suna Hugh Smyth ya zauna bisa kujerar kansila a birnin Belfast tun daga shekarar 1972 har ƙarshen 2013. Akwai abin yabo cikin tarihinsa, akwai kuma abin da ba ya wankuwa, kuma duka biyun za mu faɗa.

Da farko sai mu san ƙasar. Irlanda tsibiri ne da ke yamma da Ingila. A shekarar 1921 aka raba shi biyu. Kudu ta kama hanyar mulkin kai, daga baya ta zama jamhuriya mai babban birni Dublin. Larduna 6 na arewa maso gabas kuma suka ci gaba da zama ƙarƙashin sarautar Birtaniya. Mutanen wannan yanki, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai wajen miliyon 1 da dubu 900, galibinsu Kirista ne, amma gida biyu suke. Akwai Furotestan, waɗanda kakannin yawancinsu suka zo daga Ingila da Sikotlan a ƙarni na 17, suna son yankin ya dawwama cikin tarayya da Birtaniya. Su ne za mu riƙa kira ƴan tarayya cikin wannan sharhi. Akwai kuma Katolika, waɗanda yawancinsu ke son a ɗinke tsibirin ya koma ƙasa guda. Su ne ƴan kishin Irlanda. Shekara 50 cur jam'iyya guda ta ƴan tarayya ta riƙe mulkin yankin daga majalisarta ta Stormont, ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba.

Abin da ya kamata ma'aikatanmu su lura da shi shi ne, wutar da ta ci wannan ƙasa daga majalisun gari ta tashi. A zaɓen kansiloli na wancan zamani, wanda sunansa ke bisa takardar harajin gida da matarsa su kaɗai ke jefa ƙuri'a. Ƴaƴan da suka girma suna zaune gidan ubansu ba su da ƙuri'a, alhali mai kamfani yana iya samun ƙuri'a har 6. A birnin Derry Katolika sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma an yanka mazaɓu da irin dabarar da ta ba ƴan tarayya kujera 12, ƴan kishin Irlanda kujera 8. Kuma majalisun nan su ke raba gidajen gwamnati ga marasa ƙarfi. Tun da mai gida shi ne mai ƙuri'a, to ba mutum gida daidai yake da ba shi ƙuri'a, saboda haka kansila kan duba cocin da mutum ke zuwa kafin ya duba yawan ƴaƴansa. A watan Yuni na 1968, a ƙauyen Caledon, aka ba wata budurwa ƴar shekara 19, Furotestan, gida ita kaɗai, ga iyalan Katolika masu ƴaƴa suna jira. Wani depite, Austin Currie, ya shiga gidan ya zauna don nuna ƙin yarda, sai da ƴan sanda suka fitar da shi. Ran 5 ga Oktoba na shekarar, ƴan sanda suka tarwatsa zanga-zangar masu neman haƙƙi a Derry da kulake. A watan Agusta na 1969 sojojin Birtaniya suka fito bisa tituna. Daga nan har 1998 mutane fiye da 3,500 suka rasa rayukansu. Rabon gida guda ba bisa gaskiya ba, sa hannun kansila guda, yana cikin ƙirarruwan da suka hura wannan wuta.

Da gwamnatin Landan ta ga ɓarnar, sai ta karɓe iko daga hannun majalisun. A 1971 aka miƙa rabon gidaje ga wata hukuma ta daban. A watan Maris na 1972 aka dakatar da majalisar Stormont kanta. A 1973 aka kafa sababbin majalisun gari 26, aka cire musu makarantu, da asibitoci, da hanyoyi, da ruwan sha. Mutanen ƙasar har suna ba'a cewa aikin kansila bai wuce uku ba: kwasar shara, da gyaran makewayin jama'a, da binne matattu. Amma fa, duk tsawon shekarun yaƙi, majalisun yanki sun yi ta tashi suna faɗuwa, waɗannan ƙananan majalisu kuwa ba su daina yin zaɓe ba. Su ne kawai ƙofar da ta rage a buɗe ga talaka mai son ganin wanda ya zaɓa ido da ido.

A daidai lokacin da kujerar ta rasa darajarta ne Hugh Smyth ya hau ta. Ɗan unguwar Shankill ne, unguwar talakawan Furotestan da ke yammacin Belfast, wadda ke maƙwabtaka da unguwar Falls ta talakawan Katolika. Tun 1969 aka fara gina katanga tsakaninsu. Ma'aikaci ne a masana'antar ƙera jiragen sama ta Short Brothers. Ya shiga majalisa a 1972 ba da tutar kowace jam'iyya ba. Shi ɗan tarayya ne na sosai, bai taɓa sauya wannan ra'ayi ba har ya mutu, amma yana jin haushin manyan ƴan tarayya masu gonaki da masana'antu, waɗanda ke zuwa Shankill da tuta ran zaɓe su kwashi ƙuri'a, sa'an nan su bar mutane cikin gidaje masu yoyo, makewayi a bayan gida. Ya sha faɗa cewa lokacin da ya shiga, attajiran majalisa da gangan suke sa zama da rana, sa'ad da kansila ma'aikaci ke bakin aikinsa ba ya iya zuwa. Wanda ya taɓa ganin an kira taron gari ran kasuwa, ko tsakiyar shuka, ya san irin wannan wayo.

To mene ne aikin kansilan da ba ya iya ba kowa gida? Aikinsa shi ne ya zama ƙafa da bakin unguwa. Tsohuwar da rufin ɗakinta ya zube, da magidancin da aka kora daga aiki, da uwar da aka kama ɗanta cikin dare, duk ƙofar kansila suke bugawa, shi ya rubuta takarda, shi ya raka su gaban hukumar gidaje, shi ya koma gobe idan ba a amsa ba. Shankill kuwa tana buƙatar wannan ƙwarai. Masaƙun unguwar sun rufe. Ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Harland and Wolff, wadda ta ƙera jirgin Titanic kuma ta ciyar da dubban gidaje, ta yi ta rage ma'aikata. Hukuma ta rushe tsofaffin layuka da sunan gyaran gari, aka watsa iyalai zuwa bayan birni, har yawan mutanen unguwar ya ragu da fiye da rabi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma mutanen Shankill sun yi ta maido da Smyth zaɓe bayan zaɓe saboda cikin ɗakin yake kwana tare da su.

Yanzu sai mu zo ga wurin da ba ya wankuwa. Tun farkon shekarun 1970 an san Smyth da yin magana a bainar jama'a da yawun ƙungiyar UVF, wato ɗaya daga ƙungiyoyin ƴan bindiga na ɓangaren Furotestan, waɗanda suka ce sun tashi ne don yaƙar ƙungiyar IRA ta ɓangaren Katolika. A aikace, yawancin waɗanda UVF ta kashe fararen hula ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Disamba na 1971 bam ɗinta ya kashe mutum 15 a mashayar McGurk cikin Belfast. Ran 17 ga Mayu na 1974 bama-bamanta suka kashe mutum 33 a Dublin da Monaghan. Wasu ƴaƴanta na Shankill sun riƙa kama Katolika cikin dare suna yanka su da wuƙaƙen mahauta. Ba a taɓa kama Smyth da laifin jini ba. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma jam'iyyar PUP da ya kafa tare da abokansa a 1979, ya shugabance ta har 2002, kowa ya san ita ce bakin siyasar UVF. Iyalin da suka binne ɗansu suna da haƙƙin su tambaya: a cikin waɗannan shekaru 20 da ake ta kisa, ina amfanin kansilan da ke da kunnen ƴan bindiga? Mu ba za mu ce musu tambayarsu ba ta da tushe ba.

Abin da za mu iya faɗa shi ne, jam'iyyar tasa ta fara maganar da manyan jam'iyyun ƴan tarayya ke tsoron yi. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai tsofaffin ƴan jam'iyyar ma'aikata, kuma tun cikin shekarun 1980 ta fitar da takarda tana neman a raba nauyin mulki da Katolika. Wannan tunani ya samo ƙarfi daga gidan kaso na Long Kesh, inda Gusty Spence, tsohon shugaban UVF da aka ɗaure saboda kisan wani saurayi Katolika a 1966, ya riƙa zaunar da samarin da aka kawo yana sa su karatu, yana tambayar kowannensu abin da ya kawo shi kaso. Daga wannan makaranta David Ervine da Billy Hutchinson suka fito. Su suna ciki suna karatu, Smyth yana waje yana riƙe da kujera guda, wadda shekaru da yawa ita ce kusan duk abin da jam'iyyar ta mallaka.

Domin a gane nauyin wannan, sai a dubi yadda zauren majalisar Belfast yake a lokacin. A 1983 Alex Maskey ya zama ɗan jam'iyyar Sinn Féin na farko, wato jam'iyyar da ke tare da IRA, da ya shiga majalisar, kuma in ɗan Sinn Féin ya tashi magana sai wasu kansiloli su yi ta busa usur da buga tebur don kada a ji shi. A watan Nuwamba na 1985, da Landan ta sa hannu bisa yarjejeniyar da ta ba Dublin damar ba da shawara cikin al'amuran yankin, dukan ƴan tarayya suka ƙi ta, har da jam'iyyar Smyth. Majalisun da ke hannunsu suka riƙa ɗage zama, suka ƙi yanka haraji, aka rataya babban ƙyalle na ƙin yarda a ginin majalisar Belfast, sai da kotu ta shiga maganar. A wannan zaure akwai wani kansila, George Seawright, wanda a 1984 ya faɗa a wani taron hukumar ilimi cewa kamata ya yi a ƙone Katolika da limamansu. Jam'iyyarsa ta DUP ta kore shi, amma a zaɓen 1985 mutanen mazaɓar Court, wadda Shankill ke ciki, suka sake zaɓensa. A zaɓen nan, a mazaɓar nan, suka zaɓi Smyth shi ma. Unguwa guda, rana guda, ta aika mutum biyu: ɗaya yana hura wuta, ɗaya yana neman hanyar zama da maƙwabci ba tare da ya bar ra'ayinsa ba. Ƴan bindigar ɗaya ɓangaren sun harbi Seawright a ƙarshen 1987, ya mutu. Wannan ya nuna mana cewa talakan da aka tsorata yana da fuska biyu, kuma wanda ya fi daɗewa kusa da shi shi ke da damar kiran wadda ta fi kyau.

Ranar gwaji ta zo a 1993. Ran 23 ga Oktoba, bam ɗin IRA ya tashi cikin wani shagon kifi a babban titin Shankill, ranar Asabar, mutane na cefane. Mutum 9 suka mutu, har da yara, tare da wanda ya ɗauko bam ɗin. Bayan mako guda ƴan bindigar Furotestan suka buɗe wuta cikin wata mashaya a ƙauyen Greysteel, mutum 8 suka rasu. A watan Yuni na 1994 UVF ta kashe mutum 6 masu kallon ƙwallon ƙafa a Loughinisland. Cikin wannan shekara ce aka naɗa Smyth magajin garin Belfast, bayan ya yi mataimaki a 1983 da 1993. Ran 31 ga Agusta IRA ta tsagaita wuta. Manyan ƴan tarayya da dama suka ce tarko ne, kada a yarda. Amma ran 13 ga Oktoba na 1994 Gusty Spence ya zauna gaban ƴan jarida ya karanta sanarwar tsagaita wuta ta ƙungiyoyin Furotestan, ya kuma bayyana nadama ga iyalan waɗanda aka kashe ba su da laifi. Ba a cika shekara guda da bam ɗin shagon kifi ba. Gaya ma unguwar da ba ta gama makoki ba cewa lokacin ajiye bindiga ya yi, ba aikin baƙo ba ne, kuma ba aikin minista daga Landan ba ne. Sai wanda ya yi shekara 22 yana halartar jana'izarsu, yana bin takardunsu.

Sauran labarin ya ƙara nuna cewa ƙaramin goro ya fi babban dutse. A zaɓen 1996 na wakilan da za su zauna shawarwarin sulhu, PUP ba ta samu fiye da kashi 3 da rabi cikin 100 ba, amma tsarin zaɓen ya ba ta kujera 2, Smyth da Ervine suka hau. A 1997, da aka shigo da Sinn Féin, jam'iyyar DUP ta Ian Paisley ta fice. Ƙa'idar zaman, wanda Ba'amurke George Mitchell ke shugabanta, ita ce ba a zartar da kome sai da yardar masu wakiltar rinjayen kowane ɓangare. Babbar jam'iyyar ƴan tarayya ta David Trimble ita kaɗai ba ta kai rinjayen ba. Ƙuri'un PUP da na wata ƙaramar jam'iyya irinta su suka cika mudun. Da haka aka kai ga yarjejeniyar ran 10 ga Afrilu na 1998, wadda kashi 71 cikin 100 na masu zaɓen yankin suka amince da ita ran 22 ga Mayu.

Kada a ce mun ƙare da kiɗa da guɗa, domin ladan da aka biya shi kaɗan ne. A zaɓen sabuwar majalisar yanki na 1998 Ervine da Hutchinson sun ci, Smyth ya faɗi a yammacin Belfast, ya koma kujerarsa ta kansila. Talakawan Furotestan da jam'iyyar ta ce don su aka kafa ta, yawancinsu DUP suka bi, wato jam'iyyar da ta ƙi yarjejeniyar, kuma ita ce a 2007 ta zauna mulki tare da Sinn Féin. UVF ba ta lalata makamanta ba sai 2009, kuma a watan Mayu na 2010 aka harbe wani mutum da rana tsaka a titin Shankill, aka ɗora laifin bisa ƴaƴanta, har shugabar PUP ta lokacin, Dawn Purvis, ta yi murabus. Ashe mai riƙe da igiyar kura ba kullum yake jan ta ba, wani lokaci ita ke jan sa. Majalisar ma ta sauya a gaban idonsa: a 1997 ƴan tarayya suka rasa rinjaye, Alban Maginness ya zama magajin gari na farko daga ƴan kishin Irlanda, a 2002 kuma Alex Maskey, wanda aka yi ma busar usur, ya hau wannan kujera. Ran 3 ga Disamba na 2012 majalisa ta yanke, da ƙuri'a 29 bisa 21, cewa tutar Birtaniya da ke tashi kullum bisa gininta tun 1906 ba za ta ƙara tashi ba sai wasu ranaku ƙalilan. Dukan ƴan tarayya sun ƙi, kuma samarin unguwanni irin Shankill suka yi makonni suna tare hanyoyi da jifan ƴan sanda. Shekara 14 bayan sulhu, ƙyalle guda ya isa ya fito da su.

Kiranmu ga masu riƙe da al'amuran gari, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu, da ma'aikatan da ke zaune tare da su, shi ne su auna rabon fili, da rumfar kasuwa, da rijiya, da ajin makaranta da ma'aunin da za su iya nunawa gaban kowa, su kuma sa zama a lokacin da manomi da ma'aikaci za su iya zuwa. Ga masu karatu kuma, musamman waɗanda suka fito yaƙi da jahilci suna iya karanta takardar majalisa da kansu, ku riƙa tambayar wakilin unguwarku abu biyu: takardun wa ya bi a bana, kuma da wa yake zama in dare ya yi.

A watan Disamba na 2013 rashin lafiya ya sa Smyth ya sauka. Jam'iyyarsa ta miƙa kujerar ga Billy Hutchinson, wanda ya yi shekaru a kaso saboda kisan wasu ma'aikata Katolika 2 a 1974. Smyth ya rasu ran 12 ga Mayu na 2014, yana da shekara 73. A zaɓen 2023 PUP ta rasa kujerar. Katangar da ke tsakanin Shankill da Falls, wadda gwamnatin yankin ta yi alkawari a 2013 za a kawar da ita da ire-irenta kafin 2023, tana nan tsaye, kuma har yau in dare ya yi ana rufe ƙofofinta.